Babba Juji Ne, To Wa Ke Kwashe Shi?

Ƴan uwana ɗalibai, ranar da na faɗa wa abokaina a fada cewa a wanga ɗan littafi namu zan yi rubutu a kan lafiyar ƙwaƙwalwar shugabannin gidajen kaso da manyan jami'an tsaro, sai da mai dafa mana shayi ya aje buta ya dube ni. Ya ce, "Kai kuma, duk masu shan wahala a ƙasar nan ba ka ga abin tausayi ba sai masu kulki?" Aka kwashe da dariya. Wani ya ce wai an saye ni. Ban ji haushi ba, domin da a ce ban yi zaman da zan ba ku labarinsa ba, ni ma abin da zan faɗa ke nan.

Ajin ƙarshe na lise a gidan kawuna na yi shi, wan mahaifiyata. Jami'in Gardi Nasiyonal ne, kuma a lokacin shi ne rajisar, wato shugaban gidan kaso na wani gari da ba zan ambaci sunansa ba. Gidan da aka ba shi bango ɗaya ya raba shi da gidan kason. Daga ɗakin da nake kwana ina jin ƙarar ƙofofin ƙarfe, ina jin ƙidayar safe da ta maraice, in iska ta juyo har warin wurin muna shaƙa. Wata na farko ban iya cin abinci sosai ba. Daga baya na saba, kamar yadda kowa ke sabawa.

Kawun da na sani ina yaro mutum ne mai barkwanci, in ya zo sallah gidanmu sai ya tara yara yana ba su labari. Wanda na tarar a can ba ya dariya. A tsakar gida yake kwana a kan tabarma, takalminsa na aiki a kusa da kansa, salula a kan ƙirjinsa. Shi kaɗai yake cin abinci, loma huɗu biyar ya ture kwano. Ba ya zuwa biki, ba ya zama a fada. Tanti, matarsa, ta ce mini dalili: duk wanda ya gaishe shi da fara'a a garin, ko dai yana da ɗan uwa a ciki, ko yana son a kai wa wani saƙo. In ya karɓi ko goro a ce ya ci hanci, in ya ƙi a ce ya cika girman kai. Sai ya zaɓi ya zauna ba aboki.

A watan Afrilu na shekarar, cikin tsananin zafi, wata rana da dare wuta ta ɗauke. Can wajen ƙarfe ɗaya sai muka ji ana dukan ƙofa daga babban ɗaki, mutane na ihu suna cewa iska, iska. Masu gadin dare ba su da yawa. Kawu ya fita ko riga bai gama sawa ba. Abin da ke gabansa biyu ne. In ya buɗe ƙofofi cikin duhu, wasu na iya haurawa su gudu, shi kuma ya rasa aikinsa, wataƙila ma ya koma ɗan kaso da kansa. In ya bar su a rufe, ba mamaki a wayi gari da gawa. Ba wanda zai kira a wannan lokaci ya ɗauke masa nauyin zaɓi. Ya buɗe ɗaki ɗaya bayan ɗaya, ana fito da su rukuni-rukuni suna shan iska a fili, har aka kira sallar asuba. Ba wanda ya gudu. Amma wani dattijo da ke jiran shari'a kan rikicin iyakar gona ya galabaita, aka kai shi likita, bayan kwana biyu ya rasu.

Mako guda bayan haka, wani saurayi sa'ana da ke ciki ya mayar wa Kawu magana a gaban mutane. Kawu ya sa aka riƙe shi, ya doke shi da hannunsa, dukan da ta bayan bango nake jin kukan yaron. Ban taɓa tsanar mutum kamar yadda na tsani kawuna a wannan yammaci ba.

Da dare na fito zan kewaya, na same shi zaune a kan tabarma, hannunsa na rawa. Na ce, "Kawu, ba ku kwanta ba?"

Ya ce, "Yaro, in na rufe ido ƙidaya nake. In na kusa ƙarewa sai lissafi ya ɓace, in koma daga farko."

Na ce, "To ai da kun je likita."

Ya yi wani murmushi. "In je in ce mi? In ce Shef na tsoron dare? Gobe gari ya ɗauka rajisar ya taɓu, jibi a karɓe mabuɗi da bindiga. Tansiyo dai aka ce ina da shi, ina shan magani. Babba juji ne, yaro. Je ka kwanta, kana da lakwal gobe."

Tun daga wannan dare tambaya ɗaya ke bi na, kuma ita nake son mu duba tare: mai riƙe da mabuɗi, yana da hakkin a damu da halin da zuciyarsa ke ciki, alhali wanda ke bayan ƙofa ya fi shi shan wuya?

Bari in fara da hujjar masu cewa a'a, domin hujja ce mai ƙarfi, kuma tamu ce mu ɗalibai. Kowace ranar 9 ga Fabrairu muna tunawa da ƴan uwanmu da aka harbe a Gadar Kennedy a Yamai a 1990. Da yawanmu sun shaƙi barkonon tsohuwa wurin zanga-zangar neman bursu, wasu sun kwana a komisariya. A 1999 kuma, a gidan kason farar hula na Yamai, fursunoni 29 suka mutu saboda rashin iska bayan an cusa su a ɗaki guda an rufe. Ba aljani ne ya rufe wannan ƙofa ba, mutum ne, kuma wani ne ya ba shi umarni. Wanda ya san wannan tarihi, in aka ce masa ya tausaya wa shugaban masu gadi, dole ya ji kamar ana son ya ci amanar matattu. Mai kaki yana da albashi, yana da bindiga, yana iya ajiye aiki ya tafi. Ɗan kaso fa? Ko fitsari sai da izini.

Duk wannan gaskiya ne, ban zo in musa ko ɗaya ba. Amma kafin mu yanke hukunci, ya kamata mu san mene ne aikin da muke magana a kai.

Shugaban gidan kaso ba shi ke zaɓen wanda zai shigo ba. Alƙali ne ke sa hannu a takardar tsarewa, shi kuma dole ya karɓa, ko da ɗakin ya cika har ana kwanciya gefe-gefe kamar an jera kifi. Ba shi ke yanke ranar fita ba. Da yawa daga waɗanda ke hannunsa ko hukunci ba a yanke musu ba, jira kawai suke, wasu wata da watanni, wasu shekaru. Ba shi ya tsara kuɗin abinci ba, amma shi ake kallo in tukunya ba ta kai ba. Babban gidan kason Yamai tun zamanin mulkin mallaka aka gina shi don mutum ƴan ɗaruruwa, yau kuwa waɗanda ke ciki sun ninka haka. Ga shi kuma da iyayen gida biyu: harkar gidajen kaso tana ƙarƙashin ma'aikatar shari'a, shi kuwa ɗan Gardi Nasiyonal ne, wadda ke ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida. In abu ya yi kyau ba mai tuna shi. In ya lalace, sunansa ne farko a rahoto.

Ga kuma tsoro na zahiri. A watan Yunin 2013 an yi harbe-harbe a gidan kason Yamai, an kashe masu gadi, wasu fursunoni sun tsere. Gidan kason Kutukale, mai tazarar wajen kilomita 50 daga Yamai, an kai masa hari a 2016, an sake kai wani a 2019. Kowane rajisar a ƙasar nan ya san waɗannan labarai, kuma ya san in ta faru a wurinsa, shi zai je gidan mamaci ya tsaya gaban matar ƙaramin jami'in da ya sa a bakin ƙofa a wannan dare. Haka yake ga kumandan jandarma da ke tura yaransa hanyar da ake binne nakiya, haka ga komisar da ke aika ƴan sanda cikin tarzoma.

Akwai wani abu da na gani a darasinmu na shari'a wanda ya sa na yi shiru. Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince a 2015 da ƙa'idoji 122 na kula da fursunoni, waɗanda aka sa wa sunan Nelson Mandela. Ƙa'ida ta 79 ta buƙaci shugaban gidan kaso ya zauna a cikin harabar gidan ko dab da ita. Manufar mai kyau ce, don ya kasance kusa in wani abu ya taso. Amma ku duba abin da hakan ke nufi ga mutum: ba shi da lokacin tashi daga aiki. Fursuna yana ƙirga kwanakin da suka rage masa. Kawu ya shekara da shekaru a jikin bango ɗaya, daga wannan gari a mayar da shi wancan, bangon ne dai. Ƙa'ida ta 74 ta waɗannan dokoki ta yarda cewa aikin mai wahala ne, har ta ce a kyautata albashi da yanayin aikin ma'aikata saboda haka. Mu masu son kare hakkin ɗan Adam mukan haddace sassan da suka shafi fursuna, mu tsallake wannan.

Abin da irin wannan rayuwa ke yi wa mutum, masana sun ba shi suna. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana wata irin gajiya da aiki ke jawowa in matsinsa ya daɗe ba a magance ba. Alamunta uku: ƙarfi ya ƙare, mutum ya fara kallon aikinsa da waɗanda yake yi wa aikin da sanyin zuciya ko ƙyama, sannan ya ji ba ya iya tsinana komai. Ku lura da ta biyun. A wurin mai sayar da kati, sanyin zuciya yana nufin ya yi maka tsawa. A wurin mai riƙe da mabuɗi, yana nufin ya daina ganin mutane, ya koma ganin lamba.

Akwai kuma wani ciwon da ya fi gajiya zurfi. Wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Amurka, Jonathan Shay, wanda ya daɗe yana duba tsofaffin sojojin da suka yi yaƙin Biyetnam, ya lura cewa ba tsoron mutuwa kaɗai ya karya su ba. Da yawansu abin da ya karya su shi ne ganin an take abin da suka san shi ne daidai, kuma wanda ya take shi mai iko ne a kansu. Waɗanda suka biyo bayansa suka faɗaɗa batun ya haɗa da abin da mutum ya aikata da hannunsa, ko ya gani ya kasa hanawa. Da Hausa sai in kira shi miki a lamiri. Shi ne ciwon wanda ya san dattijon nan bai kamata ya kwana a ɗakin nan ba, amma shi ne ya juya mabuɗi.

Kada ku ɗauka wannan ciwon ragwaye ne. Janar Romeo Dallaire na Kanada shi ya jagoranci dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya a Ruwanda a 1994. Ya nemi ƙarin sojoji aka hana shi, aka ma rage waɗanda yake da su, yana ji yana gani aka kashe mutum wajen 800,000 cikin kwana ɗari. Ya koma gida da kaki da lambobin yabo, amma barci ya gagare shi. A 2000 ya bar soja saboda rashin lafiya, kuma a wannan shekarar aka tsince shi a sume a wani lambun shaƙatawa, ya haɗa giya da magunguna. Abin da ya bambanta shi da dubban irinsa shi ne ya fito ya faɗa da bakinsa, ya nemi magani, daga baya har ya zama ɗan majalisar dattawan ƙasarsu. In janar zai iya karyewa, rajisar na ƙaramin gari fa?

To mu a nan me ya sa ba a faɗa? Saboda mun gina wa shugaba ɗaki marar taga. Ba zai kai kuka wurin na ƙasa da shi ba, don kada kwarjini ya zube. Ba zai kai wurin na sama ba, don kada a rubuta a takardarsa cewa ba ya iyawa. Ba zai gaya wa iyali ba, don namiji ba ya kuka. In ya ce zai ga likitan ƙwaƙwalwa, likitocin kaɗan ne ƙwarai a ƙasar, kuma sunan Pabiyon E na babban asibitin Yamai mu da kanmu mun mayar da shi abin zagi da tsokana. In ya gaya wa aboki, a ce masa ya ƙara haƙuri, ko a ce rashin tawakkali ne, kamar ba a taɓa jin labarin annabin da baƙin cikin rabuwa da ɗansa ya taɓa masa idanu ba. Sai ciwon ya nemi wata ƙofar fita: hawan jini, gyambon ciki, faɗa da mata, ƙwaya, wani ma kwalba a ɓoye. Ko kuma bayan wani yaro da ya mayar da magana.

Nan ne karin maganar da Kawu ya yi mini ta dame ni. Babba juji ne, kowa ya kwaso shara ya zuba masa. Muna faɗin ta don yabon haƙurin manya. Amma duk wanda ya tashi a unguwa ya san halin juji. In aka bar shi shekara da shekaru ba a kwashe ba, yakan kama wuta daga ciki, hayaƙi na fita a hankali ba mai lura, sai ranar da yaro ya taka ya ƙone. Kuma ba mai jujin ke fara ƙonewa ba, na kusa da shi ne mafi rauni.

Wannan ita ce amsata ta farko ga abokina mai shayi. Tambayar wa ya fi shan wuya tana da amfani in buhun hatsi ɗaya ake rabo. A nan kuwa ba rabo ake ba. Lafiyar na sama da lafiyar na ƙasa igiya ɗaya ta ɗaure su. Kowannenmu ya san yadda yake zama in ya kwana biyu bai yi barci ba lokacin jarrabawa: magana kaɗan sai faɗa. To a ba wannan mutum mabuɗi da bindiga da mutum ɗaruruwa waɗanda ba su da ikon kai ƙara, a bar shi haka shekara goma. Ko da fursuna kaɗai ka damu da shi, dole ka so wanda zai yanke shawara ƙarfe ɗaya na dare ya kasance cikin hayyacinsa.

Sai dai ban gamsu in tsaya a nan ba. In dalilin kula da shi kawai don kada ya cutar da wasu ne, to mun mayar da shi jakin amalanke, ana ba shi dusa don kaya su isa kasuwa. Mu ne ke cewa ɓarawo ma mutum ne, laifinsa bai cire masa mutunci ba. Mu ne ke cewa hakkin ɗan Adam ba ya da sharaɗi. To in ba ya da sharaɗi, ba za mu iya cire mai kaki daga ciki ba don ba ma son kakinsa. Ranar da muka fara zaɓen wanda ya cancanci a ɗauke shi mutum, mun ari tunanin wanda ya rufe ƙofar nan a 1999.

Yanzu ga tambaya ta biyu, wadda ta fi mini wuya: in mun fahimci ciwonsa, mun wanke shi ke nan?

A'a. Dalili daban, uzuri daban. Na san dalilin da ya sa Kawu ya doki yaron nan: rashin barci, mutuwar dattijo, tsoro, kaɗaici. Amma bayan yaron bai rage zafi ba don mai dukan yana da damuwa. Ko a kotu akwai bambanci tsakanin sassauta hukunci da sallamar mai laifi. Wanda ya azabtar da fursuna ya amsa laifinsa gaban doka, ko wane irin dare ya kwana. In muka bar gajiya ta zama hujja, gobe kowane azzalumi zai ce ya gaji. Amfanin sanin dalili shi ne a toshe hanyar da abin ya biyo, don kada a sake. Hukunci yana duban abin da ya wuce, sanin dalili yana tsare na gaba, kuma ƙasa tana buƙatar duka biyun.

Akwai wani tarko kuma da nake son mu kiyaye. In muka ce muna son shugaban gidan kaso ya samu barci, wane irin barci? Akwai barcin wanda aka rage wa kaya, akwai barcin wanda zuciyarsa ta mutu. Na ga irin na biyun a cikin abokan aikin Kawu: mutum yana ci yana ƙiba, ana kuka a bayansa yana sauraron rediyo. In an auna shi za a ce lafiyarsa lau. Ni kuwa shi na fi tsoro. Rawar hannun Kawu a wancan dare ciwo ce, amma kuma shaida ce cewa lamirinsa na da rai. Saboda haka in maganin da za mu kawo shi ne ƙwayar barci da nasihar haƙuri, don mutum ya iya jure abin da bai kamata a jure ba, to mun yi wa fursuna illa, shi ma mun yi masa. Ba a warkar da miki a lamiri alhali ƙayar na ciki. Ƙayar ita ce ɗakin mutum ashirin da aka zuba wa sittin, da dattijon da ke jiran shari'a har mutuwa ta riga alƙali. Gyaran gidan kaso da lafiyar shugabansa aiki ɗaya ne.

Sharar nan kuma wa ke zubawa? Mu ne. In an kama ɓarawon moto mu ne ke ihu a kulle shi, daga nan ba mu sake tambaya. Yaron da tramol ya lalata, mai taɓin hankalin da dangi suka gaji da shi, wanda bashi ya ci, duk can muke turawa. Abin da gida ya kasa, lakwal ta kasa, asibiti ya kasa, sai mu miƙa wa mutum ɗaya da ƴan gardi ƙalilan mu ce su riƙe mana, kada mu ji, kada mu gani. In ya riƙe shiru mu manta da shi. In ya fashe mu ce dama mugu ne.

Ba na son in ƙare da kuka kawai, domin mu masu karanta wanga littafi gobe mu ne a kujerun. Kai mai karatun shari'a, in ka zama alƙali, ka tuna kowace takardar tsarewa da ka sa wa hannu jikin mutum ne za a nema wa wurin kwanciya. Ka riƙa shiga gidan kaso da ƙafarka, cikin watan Afrilu, da rana tsaka. Ke mai karatun likita ko ilimin halayyar ɗan Adam, akwai masu kaki da ke buƙatar wanda za su gaya wa magana ba tare da ta isa kunnen shugabansu ba. In babu sirri ba wanda zai zo. Kai da za ka shiga Gardi ko jandarma ko ƴan sanda, in ka yi girma ka ba na ƙasa da kai hutu na gaskiya, kada a bar mutum ɗaya a wuri mai zafi har ya ƙone, kuma bayan duk wani mummunan abu a zauna a yi maganarsa, ba rahoto kawai a rubuta ba. In kai da kanka ka ji nauyi ya yi yawa, ka faɗa, domin in babba ya faɗa ƙanana sun samu izini. Mu duka kuma, abu mafi sauƙi: mu daina yi wa mai neman maganin ƙwaƙwalwa dariya. Ba mu san wanda ke sauraronmu yana ɓoye nasa ba.

Kawu ya yi ritaya, ya koma ƙauye yana noma. Har yanzu yakan farka daidai lokacin ƙidayar safe. Da na je gaishe shi bara kafin damina, na same shi yana loda shara daga jujin bayan gida a amalanke zai kai gona ta zama taki. Muna aikin ne ya ce mini, ba tare da na tambaya ba, ya taɓa haɗuwa da yaron nan a tasha bayan an sake shi. Ya tsayar da shi ya roƙi gafara. Yaron ya dube shi ya ce ya yafe, amma bai miƙa masa hannu ba, ya juya ya tafi. Kawu ya ce, "Kuma yana da gaskiya." Daga nan bai ƙara cewa komai ba, ni ma ban ce ba, muka ci gaba da lodi.

Na san cikinku akwai wanda ɗan uwansa ke bayan ƙofa a yanzu haka, akwai wanda har yau yake da tabon kulki a jikinsa. In kun ga na yi sassauci inda bai kamata ba, ku rubuto amsa a fitowa ta gaba, zan karanta da zuciya ɗaya. Allah ya fid da na ciki, ya sassauta wa na bakin ƙofa, mu kuma ya sa mu yi adalci ranar da mabuɗi ya zo hannunmu.